Ku Tambaya Mu Amsa: In kowane banki lafiya lau yake, me ke kada su lokaci guda?

Wannan makon wasiƙun da suka fi yawa duk akan harkar banki ne, sai na ɗauki guda huɗu da naga amsarsu na haɗe da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kwanaki ina sauraron wani shiri a rediyo naji baƙon da aka gayyato yana ta maimaita wata kalma wai makro-furudenshal, yace da ita babban banki ke hana harkar kuɗi rushewa. Ni dai abinda na sani CBN na duba bankuna ne ɗaya bayan ɗaya, to meye kuma wannan? Ko dai kwalliyar turanci ce kawai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya bada sa'ar karatu. A'a wallahi ba kwalliya bace, akwai abu a ƙarƙashinta, kuma mu nan Najeriya sai da muka biya kuɗi masu yawa kafin mu gane shi.

Abinda ka sani gaskiya ne, CBN, wato babban bankin Najeriya, da NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, na tura ma'aikata su buɗe littattafan banki suga nawa ne jarinsa, su wa ya ba bashi, ana biya ko ba'a biya, yana da tsabar kuɗin da zai sallami masu ajiya in sun zo ko babu. Wannan duba lafiyar banki ɗaya kenan. Ita kuwa kalmar da kaji, nufinta a ja da baya a kalli harkar kuɗi gaba ɗayanta, bankuna da kamfanonin inshora da na fansho da kasuwar hannun jari, a tambaya shin ba duk waje ɗaya suka zuba ƙarfinsu ba? Ni da Hausa tsaron garke nake ce mata. Makiyayi yasan bambancin duba haƙorin saniya ɗaya da lura da cewa duk garken daga tafki ɗaya suke shan ruwa, ranar da ruwan nan ya gurɓace ƙibar kowace saniya ba abinda zata hana.

Bari in baka labarin da yasa nake ɗaukar maganar nan da zafi. A 2004 gwamnan CBN na lokacin Charles Soludo yace duk bankin da ke son ci gaba da aiki sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Daga nan suka rinƙa shiga kasuwa suna tara kuɗi, manya zasu tuna lokacin da ake bin mutum har ofis har shago da fom ɗin sayen hannun jari, ma'aikaci, ɗan kasuwa, mai fansho, kowa ya saya don kullum farashi hawa yake. Kuɗi suka yiwa bankuna yawa sai suka koma ba mutane rance don su sayi hannun jari, wani lokacin ma hannun jarin shi kansa bankin da ya bada rancen, kuma hannun jarin nan dai shine jinginar. Wani babban kaso kuma ya tafi wajen masu shigo da man fetur.

To ka duba fa, a takarda kowane banki tsaf yake, jinginar da ke hannunsa ta fi bashin da ya bayar daraja. Abinda ba'a tsaya aka kalla ba shine rancen ne da kansa ke tura farashi sama, farashin kuma yana bada damar ƙara cin wani rancen, kuma kusan kowa abu ɗaya yake yi.

Daga Maris ɗin 2008 kasuwar ta fara gangara. A Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, masu zuba jari na waje suka fara kwashe nasu suna gudu, gangar mai da ta kai dala 147 a Yuli ta koma ƙasa da dala 40 kafin shekara ta ƙare. Cikin shekara guda kasuwar hannun jarin Najeriya ta zubar da fiye da kashi 60 cikin 100 na darajarta. Nan ne wajen da nakeso ka riƙe sosai: manajan banki da yaga jingina na narkewa a hannunsa, in ya sayar da ita da wuri ba wanda zai ce yayi wauta, hankali ne ma. Amma da yake na kusa da shi ma sayarwa yake, na gaba ma haka, sai sayarwar tasu ta ƙara danne farashin, jinginar kowa ta ƙara lalacewa, a sake fitowa sayarwa. Kowa ya kare kansa, kuma kare kan nan ne ya kada su tare. Wanda ke duba banki ɗaya-ɗaya ba zai taɓa hango wannan ba don ba'a cikin littafin kowa aka rubuta shi ba, a tsakaninsu yake.

Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi CBN a Yunin 2009, a ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin bankuna biyar, Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka sauke shugabannin wasu uku, jimillar kuɗin da aka zuba ta kai biliyan 620. A 2010 aka kafa AMCON don ta saye ruɓaɓɓun basussukan, kuma shekara da shekaru ana bin bashin tiriliyoyi a wajen. Eh akwai ha'inci a ciki, an ma kai wasu kotu an yanke hukunci, ban ce babu ba. Amma ko da kowa mai amana ne, tarin da akayi a waje ɗaya ya isa ya jawo masifa.

Bayan wannan girgizar ne duniya ta ɗauki maganar da gaske, ƙasashen G20 suka kafa hukumar sa ido kan ɗorewar harkar kuɗi a 2009, a 2010 aka fito da ƙa'idojin jarin banki na duniya da ake kira Basel na uku, Ingila ta kafa kwamiti na musamman a babban bankinta a 2013 wanda aikinsa kenan.

Kayan aikin ba wasu masu wuyar ganewa bane. Na farko rumbu ne, a tilasta wa banki ya tara ƙarin jari lokacin da kasuwa ke ci, har zuwa kashi 2.5 cikin 100 a tsarin Basel, in fari ya zo a buɗe masa ya ci daga ciki ba sai ya daina bada rance ba. Duk wanda yasan ƙissar Annabi Yusuf alaihissalam da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari ya riga ya gane wannan. Ingila tayi haka, da korona ta shigo a Maris ɗin 2020 ta sauke nata daga kashi 1 zuwa sifili don bankuna su ci gaba da ba jama'a rance. Mu ma munga irinsa, bayan an saki naira a Yunin 2023 bankunan da ke riƙe da dala suka wayi gari da riba mai tarin yawa a takarda, a Satumba CBN tace kar wanda ya raba wannan ribar ga masu hannun jari, a ajiye ta don ranar da abu zai juya. Na biyu iyakance rance gwargwadon jingina, Hong Kong tun 1991 suka tsaya kan kar rancen gida ya wuce kashi 70 na kuɗin gidan, da farashin gidaje ya faɗi fiye da rabi bayan 1997 bankunansu basu rushe ba. Sannan akwai ƙarin nauyi kan manyan bankunan da in ɗaya ya faɗi zai ja sauran, da gwajin juriya inda ake ƙaddara cewa mai ya faɗi, naira ta faɗi, a lissafa waye zai tsaya da ƙafarsa.

Wahalar abin ba'a lissafi take ba ɗan'uwa. Dokar nan lokacin da kowa ke murna ake ɗaure ta, lokacin da ɗan siyasa ke alfahari da bunƙasa, mai banki na ƙirga riba, mai cin rance na jin daɗi, sai wani ya tashi yace a rage gudu. Ba mai gode masa, don masifar da ya hana ba wanda ya ganta. A 2007 da wani ya fito yace a taƙaita rancen sayen hannun jari da sai ance maƙiyin ci gaba ne.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, shekara goma sha ɗaya ina harkar atamfa da shadda, kuɗina kullum ta akawun suke wucewa, amma naje neman jarin da bai kai miliyan goma ba sai yawo ake min da hankali, ƙarshe wani ma'aikacinsu yace min wai CBN ce ta kulle musu kuɗi. In dokokin nan don kare mu akayi su me yasa mu ƙanana muke shan wuyarsu? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji sannu, Allah ya buɗa kasuwa. Tambayarka tana kan hanya kuma bazan rufe ka ba, kariyar nan tana da tsada, kuma sau da yawa irinku ke fara biya.

Abinda ma'aikacin ya gaya maka akwai gaskiya a ciki amma rabinta ce. Akwai kason ajiyar jama'a da doka ta ce kowane banki ya kai CBN ya ajiye, ba ya juya shi, ba'a kuma biyansa komai akai. A Fabrairun 2024 aka ɗaga shi daga kashi 32.5 zuwa 45, a Satumban shekarar ya kai 50, wato a lokacin cikin duk naira ɗari da ka ajiye hamsin na kulle. Sai dai babban dalilin wannan yaƙi da hauhawar farashi ne, wanda a shekarar ya haura kashi 30, da kuma tare faɗuwar naira, ba tsaron garke zalla ba. Mutane kan cakuɗa su saboda hannu ɗaya ke riƙe da sandunan biyu.

Rabin da bai gaya maka ba shine, a shekarar 2024 ɗin gwamnati na cin bashi a wajen bankuna tana biyan kuɗin ruwa sama da kashi 20, ba zuwa duba shago, ba neman mai tsaya maka, ba fargabar gobara a kasuwa. To wane manaja ne zai bar wannan ya biyo ka Kwari? An taɓa ƙoƙarin tilasta musu, a 2019 zamanin Godwin Emefiele akace dole banki ya bada rancen da ya kai kashi 60 na ajiyar da ke hannunsa, aka ƙara zuwa 65, wanda ya gaza a ƙara kulle masa kuɗi. A Afrilun 2024 aka sauke shi zuwa 50. Kaga a tsakani an jima ana ce musu ku bada rance da hannun dama ana kulle kuɗin da hagu, ni a ganina wannan karo da juna na cikin abinda ke rikita harkar.

Amma ga inda raina yake ɓaci Alhaji. Ana nuna kamar ku ƙanana ne haɗarin, alhali tarihinmu ba haka ya nuna ba. Kafin faɗuwar mai ta 2014 zuwa 2016 wajen kashi 30 na duk rancen bankunan ƙasar nan a harkar mai da gas yake, a hannun mutane ƙalilan. Da mai ya faɗi, dala tayi wuya, bashin da ya maƙale ya haura kashi 10 alhali iyakar da CBN ta sa kashi 5 ce. Skye Bank a wannan guguwar ya raunana, aka canza shugabanninsa a 2016, a Satumban 2018 aka karɓe lasisinsa ya koma Polaris. Akwai doka cewa kar banki ya ba mutum ɗaya ko kamfani ɗaya abinda ya wuce kashi 20 na jarinsa, amma in bankuna goma kowanne ya ba wannan mutum ɗayan nasa kason, kowa na cikin doka, garke kuma ya sake komawa tafki ɗaya. Rancen da aka watsa tsakanin dubban 'yan atamfa da masu hatsi a Dawanau da manoman shinkafa a Kebbi, ba rana ɗaya zasu gaza tare ba. Don haka ni nake cewa kai wa irinku rance shima tsaron garke ne, ba alfarma bace.

A aikace kuma, ka tabbata kasuwancin nada rajista, cinikin shago na shiga akawun ɗin kasuwanci ba naka na gida ba, ka nemi takardar shige da ficen kuɗinka ta shekara guda ka riƙe. In kuɗin ruwa kake gudu, ka gwada bankunan da basa mu'amala da shi irinsu Jaiz da TAJ da Lotus, su kan sayi kayan ne su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Su ma fa suna ƙarƙashin dokokin CBN, ba wai kyauta suke rabawa ba, zasu nemi takardu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamar makaranta ce na yi ritaya, garatutina gaba ɗaya yana banki ɗaya. Tunda aka rufe bankin Heritage hankalina bai kwanta ba, kullum sai an turo saƙo a WhatsApp wai banki kaza ne na gaba a cire kuɗi. In cire in ajiye a gida ne? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya ina gajiya, Allah ya sa a ci guminki lafiya. Kar ki kai kuɗin gida, ɓarawo da gobara da masu zuwa rance basu da NDIC.

A ranar 3 ga Yunin 2024 CBN ta karɓe lasisin Heritage, kuma kafin nan da ɗan lokaci NDIC ta ɗaga inshorar ajiya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a kowane bankin kasuwanci, na ƙananan bankunan maikurofainas kuma daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Ma'ana in abinda kike da shi bai wuce miliyan 5 ba, ko banki ya rufe za'a biya ki duka. Abinda ya haura kuwa sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussukansa ake biya kaɗan-kaɗan, wannan kan ɗauki lokaci. To in garatutin ya wuce haka ki raba shi banki biyu ko uku, kuma ki tabbata BVN ɗinki ɗaya ne a duka da suna iri ɗaya, don ta BVN aka rinƙa tura wa mutanen Heritage kuɗinsu zuwa wani akawun nasu.

Maganar saƙon WhatsApp kuma Hajiya don Allah kar ki tura wa kowa. Ba bankin da ke ajiye kuɗin mutane duka a cikin sito, an bada rancensu, wasu na CBN, don haka ko lafiyayyen banki in kowa yazo rana ɗaya sai ya durƙusa. A Amurka a Maris ɗin 2023 masu ajiya a Silicon Valley Bank suka nemi fitar da dala biliyan 42 a yini guda, ta waya, ba layi ba hayaniya, washegari hukuma ta rufe shi, kuma tsoron ya tsallaka wasu bankunan. Shi bankin yana da raunin kansa, amma saurin da abin yayi jita-jita ce da waya. Inshorar ajiya an yi ta ne tun farko don mai ƙaramin kuɗi ya samu dalilin zama a gida lokacin da ake gudu.

Abinda zai ƙara kwantar miki da hankali, a Maris ɗin 2024 CBN ƙarƙashin Olayemi Cardoso ta umarci bankuna su ƙara jari, masu reshe a ƙasashen waje biliyan 500, na ƙasa baki ɗaya biliyan 200, na yanki biliyan 50, aka basu wa'adi zuwa 31 ga Maris ɗin 2026. Yana da kyau, sai dai ina roƙon a tuna 2005, jari mai yawa ba tare da lura da inda ake zuba shi ba shine ya haifi 2009.

Abu ɗaya da nake ji miki tsoro fiye da banki shine masu zuwa suce kawo garatuti a ninka miki cikin wata guda. MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun cinye na mutane da yawa, kuma ba wata inshora da ta rufe su.

TAMBAYA: Malam mu nan Gana an share bankuna an ce an gyara, bayan 'yan shekaru kuma muka ji sun sake tafka asara. Ina amfanin gyaran? Daga wani mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa a gaida mutanen Zango. Abinda ya faru a wajenku darasi ne babba. A Agustan 2017 babban bankin Gana ya rufe UT Bank da Capital Bank, a Agustan 2018 ya haɗe wasu biyar ya kafa Consolidated Bank Ghana, ya kuma ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa sidi miliyan 400. Wannan gyaran banki ɗaya-ɗaya ne kuma yayi amfani, waɗanda suka rage sun fi ƙarfi.

Amma ina suka kai kuɗin? Kaso mai yawa takardun bashin gwamnati suka saya, don a ƙa'idar lissafin banki bashin gwamnatinka da kuɗin ƙasarka ana ɗaukarsa kamar ba shi da haɗari, ba'a ma neman ka ware masa jari. Bankuna suka saya, kamfanonin inshora suka saya, asusun fansho suka saya. A Disambar 2022 gwamnati ta kasa biya yadda aka yi alkawari tace a zo a musanya takardun da wasu masu ƙarancin riba da tsawon wa'adi, sai ga bankuna da dama sun bayyana asara a lissafin shekarar lokaci guda, har sai da aka kafa asusu na musamman don tallafa musu. Tafkin da kowa ya ɗauka shine mafi tsafta shine ya gurɓace.

Ku a can abinda zaku rinƙa tambaya shine kaso nawa na dukiyar bankinku ke hannun gwamnati, yana cikin rahoton shekara da kowane banki ke bugawa. Mu ma nan Najeriya tambayar ta hau kanmu, tunda kamar yadda na gaya wa Alhajin Kwari can bankunanmu ke kai nasu, haka kuma mafi yawan kuɗin fanshon ma'aikata.